Nana Asma'u a Cikin Gidanta: Matar Waziri, Uwar Waziri, Kakar Waziri

Iyayena, yayyena da ƙannena 'yan wannan ƙungiya mai albarka. Barkanmu da ganin zagayowar ranar da aka kafa ta. Allah ya maimaita mana, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya.

Da kwamitin shirya biki suka ce in rubuta wani abu na tarihi a wannan fitowa ta musamman, na yi kwanaki ban san ta inda zan kama ba. Abin da ya ba ni bakin zaren shi ne wani abu da ya faru a zamanmu na share fage, waɗanda suka halarta za su tuna. Mun tashi jera sunayen iyayenmu da suka kafa ƙungiyar nan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, domin a yi musu addu'a ranar biki. Muka zo kan wata baiwar Allah da kowa ta sani, kowa ta ci abincin hannunta. Ita ce ta fara riƙe mana kuɗin adashi a cikin kwalla a ƙarƙashin gadonta, tun ba mu da asusu a banki. Amma da sakatariya ta ɗaga biro ta ce, "To, mene ne sunanta na yanka?" sai ɗaki ya yi tsit. Wannan ta ce mu dai Inna muke ce mata, waccan ta ce mu Hajiya Babba muka sani. Sai da aka tura yaro gidan ɗanta kafin aka samo sunan.

Wallahi na ji kunya ranar. Ba laifin kowa ba ne, haka muka taso, ba a kiran sunan babba. Amma kara da alkunya da suke rufe sunan mace tana raye, idan ba a yi hankali ba su ne suke binne shi tare da ita. Shi ya sa na ce bari in kawo mana tarihin wata mace da ta hango wannan matsala tun shekaru sama da 150 da suka wuce, ta kuma yi mata magani da alƙalaminta. Ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara mata rahama.

Na san za ku ce ai mun san ta. Gaskiya ne, akwai makarantun 'yan mata da yawa masu sunanta, ko wata a cikinmu ma takwararta ce. Amma yawanci malama muka sani, mai waƙoƙin wa'azi. Ba kasafai ake ba mu labarinta a matsayin matar aure da ta yi shekara sama da 40 a ɗakin mijinta ba, ko uwa da ta binne ɗanta, ko kaka da ta ga jikokinta sun zama mutane. Wannan ɓangaren nake so mu duba, don shi ne ya fi kusa da mu.

Marainiyar Ɗagel

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a Ɗagel, ƙauyen malamai da ke ƙasar Gobir a wancan zamani. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Hassana ko Husaina za a sa mata, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira.

Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama ƙwarai. To wa ya riƙe ta? Abokan zaman mahaifiyarta ne, wato sauran matan Shehu, musamman A'isha da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Ku lura da wannan 'yan'uwa. Matar da duniya take alfahari da ita yau, a hannun kishiyoyin uwarta ta tashi. Da sun wulaƙanta marainiyar nan, ko sun mai da ita 'yar aike da wanke-wanke kawai, da ba mu ji sunanta ba. Kusancin da ya shiga tsakaninta da yayanta Bello har ƙarshen rayuwarsa, a ɗakin mahaifiyarsa ya samo asali, alhali ba cikinsu ɗaya ba.

Gidan Shehu gidan karatu ne, maza da mata. Shehu da kansa ya yi rubutu yana sukar malaman da suke koyar da almajirai a zaure amma su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. Saboda haka Asma'u ta yi karatun Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci tun tana yarinya. Fulatanci shi ne harshen gidansu, ta kuma iya Hausa sosai, da waɗannan harsuna uku ta yi rubuce-rubucenta daga baya.

Sai dai ƙuruciyar ba ta yi tsawo ba. A watan Fabrairu na 1804, da rikici ya tsananta tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Asma'u tana da shekara kamar 11. A watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto jama'ar Shehu suka yi nasara, amma a ƙarshen shekarar aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada. Daga nan jama'a suka yi ta yawo, suka shiga ƙasar Zamfara, sannan suka sauka Gwandu a 1805, ga yunwa ga cuta. Mu da muke mata mun san wanda irin wannan tafiya take fi ci. Mai ciki ce, da mai goyo, da wadda aka kashe wa miji aka bar ta da yara. Yarinyar nan ta ga duk wannan da idonta, kuma bai fita daga ranta ba. Shekaru da yawa bayan haka ta tsara labarin tafiyar a waƙa da Fulatanci, ƙaninta Isa ya mai da ita Hausa, ita ce ake kira Waƙar Gewaye.

Ɗakin aure

Wajen shekarar 1807, ana tsakiyar yaƙi, aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, babban aminin yayanta Bello. Tana da shekara kamar 14, yadda al'adar zamanin take. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Bello ya gina Sakkwato a 1809. A nan Asma'u ta yi zaman aurenta, unguwar da gidan yake har yau Giɗaɗawa ake ce mata.

A 1817 Shehu ya rasu, aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. To ku kwatanta gidan Waziri a wancan lokaci. Shi ne mai kula da wasiƙun da ke kai da kawowa tsakanin Sakkwato da sarakunan gabas, irin su Kano da Zazzau da Katsina da Bauchi. Shi ake aikawa idan wata matsala ta taso, ya yi wata da watanni ba ya gida. Manzanni da malamai da baƙi daga nesa, a hannunsa suke sauka. Ko Baturen nan ɗan Birtaniya, Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824, ya sake dawowa har ya mutu a can a 1827, Giɗaɗo ne mai masaukinsa. Duk wadda ta taɓa auren mai jama'a ta san abin da wannan yake nufi a cikin gida. Tukunya ba ta sauka daga murhu, kuma ba a tambayar ki ko kin shirya kafin a ce ga baƙi sun iso.

Gaskiya ne gidan babba ne, akwai barori da masu hidima, ba za mu ce ita take daka da surfe da hannunta kullum ba. Amma riƙon babban gida shi ma aiki ne, wani lokaci ya fi na ƙarami cin rai, domin kowa da halinsa kuma kowa ke yake kallo. A cikin wannan hidima, tana da shekara 27 a 1820, ta rubuta littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci. Wato aure bai tsayar da karatunta ba, haihuwa ma ba ta tsayar da shi ba. A nan dole a yaba wa mijin. Giɗaɗo shi ma malami ne marubuci, bai ga ilimin matarsa a matsayin raini gare shi ba.

Inda za ku gane irin zaman da suka yi shi ne bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837. Mutuwar ta girgiza su duka biyu, shi ya rasa amini, ita ta rasa yaya kuma malami. Giɗaɗo ya ja jiki daga harkar mulki, su biyun suka duƙufa kan aiki ɗaya: tattara abin da Shehu da Bello suka bari, da rubuta tarihinsu don kada ya ɓace. Shi ya rubuta littattafai da Larabci, daga ciki akwai Raudul Jinan a kan rayuwar Shehu. Ita kuma ta ɗauki irin wannan labari ta zuba shi a waƙa, yadda wanda bai iya Larabci ba zai ji ya haddace. Miji da mata, sun manyanta, suna aiki ɗaya kowa ta hanyar da ya fi iyawa.

Giɗaɗo ya rasu wajen 1850. Asma'u ta yi masa marsiyya, wato waƙar alhini, da Fulatanci. Abin da ya burge ni shi ne irin abubuwan da ta zaɓa ta tuna da shi a kansu: karɓar baƙi, kula da masallatai da gyaran abin da jama'a ke amfani da shi, riƙe zumuncin iyalan Shehu, da amanar da ya riƙe wa Bello. Halin mutum a gida da cikin unguwa ta duba. Ai mace ita ta fi kowa sanin wane ne mijinta.

Uwa

Allah ya ba su 'ya'ya maza. Babban shi ne Abdulƙadir, akwai Ahmadu, akwai Abdullahi Bayero, da wasu. Amma ba duka ta ga girmansu ba. Clapperton ya rubuta a labarin tafiyarsa ta 1824 cewa yana Sakkwato wani ɗan Giɗaɗo da yake matuƙar so, wanda ƙanwar Bello ta haifa masa, ya rasu sanadiyyar ciwon agana. Baturen ya ga baƙin cikin uban don a waje yake. Na uwar yana can cikin gida inda baƙo ba ya shiga. Allah sarki. Wadda duk ta taɓa sa ɗanta a likkafani a cikinmu ba ta bukatar a yi mata bayani.

Na kawo wannan ne don mu daina ɗaukar mutanen tarihi kamar ba jini da tsoka ba. Ta rasa uwa tana ƙarama. Ta rasa uba a 1817. Ta rasa ɗa, ta rasa yaya, ta rasa miji, ta rasa aminiyarta A'isha matar Bello, wadda ta yi wa marsiyya a 1855 mai nuna irin zafin da ta ji. Yawan marsiyyoyin da ta bari ba ƙawa ba ce, mace ce da mutuwa ta yi ta ziyarta, ta kuma koyi yadda za ta mai da hawayenta abin amfani ga wasu.

Riƙonta bai tsaya kan 'ya'yan cikinta ba. Lokacin da Shehu ya rasu ya bar ƙananan yara. Akwai Maryam, wadda ba ta kai shekara 10 ba, akwai Isa, autan Shehu, wanda aka haifa a shekarar da uban ya rasu. Asma'u ta ba su shekaru masu yawa, kuma ta tsaya a kan tarbiyyarsu da karatunsu. Abin da aka yi mata tana marainiya, shi ta rama wa ƙannenta. Ku riƙe sunayen nan biyu, za mu sake haɗuwa da su.

'Yan Taru

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi shafar ƙungiya irin tamu. Yaƙe-yaƙen da aka yi, har zuwa na Gawakuke a 1836, sun bar mata da yawa cikin wani hali. Akwai zawarawa, akwai waɗanda aka kamo a yaƙi aka raba su da danginsu aka kawo su gidajen da ba su san kowa ba, akwai matan ƙauye da ba su taɓa zama gaban malami ba. Da yawansu bori suka sani, shi ne wurin kai kukansu idan ciwo ko damuwa ta same su. Asma'u tana cikin gida a birni, ba za ta iya bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba. Su kuma matan aure masu ƙananan yara ba za su bar gidajensu su taho Sakkwato ba.

Dabarar da ta yi, wajen ƙarshen shekarun 1830, ita ce ta duba su wane ne za su iya tafiya ba tare da gida ya lalace ba. Sai ta ga kashi biyu ne: dattawan mata da suka gama haihuwa, da 'yan mata da ba su kai aure ba. A kowane gari sai ta zaɓi dattijuwa mai hankali da amana ta naɗa ta shugaba, ana kiranta jaji, sunan da fatake suke kiran mai ja musu gaba a ayari. Alamar naɗin ita ce malfa da jan ƙyalle da ake naɗawa a kanta. Malfar nan kuwa da ma an san ta a kan Inna ta Gobir, shugabar matan masarauta kuma uwar 'yan bori. Kun ga hikima. Ba ta ce wa mata duk abin da kuka sani banza ne ba, ta ɗauki alamar da suke girmamawa ta ɗora ta a kan mai ilimi.

Jaji takan tattaro matan garinsu su taho a ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki, har ɗakin Asma'u. Su ake kira 'Yan Taru. Ba sa zuwa hannu rabbana, sukan riƙo abin da Allah ya hore daga matan da ba su samu zuwa ba, kamar hatsi, zuma, man shanu, zare ko ƙyalle. Abin da aka tara sai a raba wa mabukata. Ita kuma ta koya musu karatu ta hanyar waƙa, don waƙa ba ta bukatar takarda, mace tana kaɗi ko tana daka za ta iya maimaitawa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙa. Ta mai da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa a 1831. Ta yi waƙa a kan mata salihai tun daga iyalan gidan Annabi har zuwa matan zamaninta. Ta yi a kan tauhidi da alwala da salla da ranar lahira. Idan suka koma gida, sai su shiga ɗaki ɗaki su koya wa matan auren da ba su fita ba.

Kuma ba karatu kaɗai ba ne. An san 'Yan Taru da wankan gawar mata, da taimakon mai naƙuda, da duba marar lafiya, da sharar masallaci, da sasanta mata idan sun saɓa. Ba zan ce muku adashi suke yi ko rance suke bayarwa kamar mu ba, kada in yi wa tarihi ƙarya. Amma ku dubi ginshiƙan abin: shugaba da aka zaɓa don amanarta, kowa ta kawo ɗan abin da take da shi, a haɗa a taimaki wadda ta fi bukata, wadda ta samu zuwa ta kai wa wadda ba ta samu ba. In ba wannan muke yi duk ranar taro ba, to me muke yi?

Akwai magana a nan ga ƙannenmu da suke cewa maigida ya ce ƙungiya tana raba mace da gidanta, da kuma mazan da za a karanta wa wannan takarda da daddare. Nana Asma'u ba ta bar gidanta ta yi wannan aiki ba, a cikin gidanta ta yi shi, da sanin mijinta da goyon bayansa. Kuma ta tsara shi yadda ba zai ci hakkin gidan kowa ba. Mu ma ya kamata mu yi koyi, mu duba lokacin taronmu da tsawonsa, kada mai jego ko mai ƙananan yara ta ga kamar ba a yi da ita. Idan ba ta iya zuwa ba, a samu wadda za ta kai mata labari ta karɓo zubinta.

Sunayen da ta rubuta

Ga inda labarin ya haɗu da abin da ya same mu a zaman share fage. Nana Asma'u ta yi wa manya marsiyya, sarakuna da malamai. Amma ba ta tsaya nan ba. A 1844 ta yi wa wata maƙwabciyarta mai suna Halima, mace ce kawai mai kirki da haƙuri da riƙon zumunci. A 1857 ta yi wa Zaharatu, wadda aka sani da zuwa wurin mai haihuwa da wankan gawa da koyar da mata, duk lokacin da aka kira ta. A 1858 ta yi wa Hauwa'u, wata jaji da ta yi shekaru tana jagorantar mata zuwa wurinta.

Ku tsaya ku yi tunani. Matan nan ba su ci gari da yaƙi ba, ba su riƙe sarauta ba. Irinsu dubbai ne suka rayu suka mutu a ƙasar Hausa ba wanda ya san sun yi. Amma yau ga mu muna kiran sunan Halima da Zaharatu da Hauwa'u, muna cewa Allah ya jiƙansu, saboda mace ɗaya ta ga cewa zama lafiya da maƙwabta da tashi tsakar dare don mai naƙuda abin rubutawa ne, daidai da labarin Tafkin Kwatto. Ta san darajar wannan aiki ne don ita ma matar gida ce, ta san abin da yake ci.

Kaka da abin da ta bari

Allah ya ja kwananta har ta ga abin da mata kaɗan suke gani. Mijinta ya yi Waziri. Ɗanta Abdulƙadir ya gaje shi a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A 1859 jikanta Ibrahim Halilu ɗan Abdulƙadir ya hau kujerar, tana raye. Kuma tsufa bai sa ta ajiye alƙalami ba, ta ci gaba da rubutu har shekarunta na ƙarshe. Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Waɗanda suka taɓa zuwa ziyara Sakkwato a cikinmu sun ga wurin.

Bayan rasuwarta aikin bai mutu ba, kuma waɗanda suka ɗauke shi su ne waɗanda ta rena. Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta koma Sakkwato bayan rasuwarsa a 1846, ita ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru. Isa kuma ya mai da waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa, shi ya sa suka yaɗu. Wani ɗan nata, Abdullahi Bayero, shi ma ya yi Waziri. Bayansa sai jikanta Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu, wanda ya san kakarsa yana saurayi. Shi ne Waziri a 1903 lokacin da Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi, nauyin jama'ar da suka rage, da mata da yara da tsofaffi, ya faɗo kan Buhari, ya tsaya ya nema musu aminci a kan a bar su da addininsu.

Ɗan Buhari shi ne Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997. Iyayenmu da yawa sun san zamaninsa. Tattaɓa-kunnen Nana Asma'u ne, kuma a hannunsa takardunta suke a adane. Shi ya buɗe wa wata Baturiya 'yar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta yi shekaru tana nazarinsu, har aka buga tarihin Asma'u a 1989, aka kuma buga tarin rubuce-rubucenta a 1997. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ita ta adana takardun mahaifinta, zuriyarta suka adana nata. Da ta yi sakaci da tarbiyyar gida ta ce ita ta jama'a ce, da wa zai riƙe mata su shekara ɗari?

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, ba kowa ce za ta zama Nana Asma'u ba, ba kowa aka haifa a gidan Shehu ba. Amma kowace unguwa tana da Halimarta da Zaharatunta, kuma ƙungiyar nan a kan irinsu aka gina ta. Wadda ta fara ba da tsakar gidanta muka yi taro. Wadda ta koya wa rabinmu yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba ta karɓi ko sisi ba. Wadda ta biya wa wata zubinta wata uku a ɓoye lokacin da mijinta yake kwance. Sun yi wannan duka suna riƙe da miji da 'ya'ya da jikoki, kuma mafi yawansu ko hotonsu ba mu da shi.

Saboda haka ina roƙon shugabanni, kuma na riga na yi magana da sakatariya ta amince, a sayi littafi guda mai kauri daban da na kuɗi. Kowace 'yar ƙungiya ta zo da cikakken sunan mahaifiyarta ko kakarta ko wadda ta riƙe ta, da garinsu, da sana'arta, da abu ɗaya na alheri da aka san ta da shi. Wadda kunya ta hana ta furta sunan, ta sa 'yarta ko jikarta ta rubuto a takarda. Wadda ba ta iya rubutu ba ta same ni bayan taro, ni zan rubuta mata, da boko ko da ajami. Mu fara da iyayen da suka kafa ƙungiya, tun waɗanda suka san su suna raye. Duk shekara ranar biki a buɗe littafin a karanta, a yi musu addu'a da sunayensu.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da mijinta da zuriyarta. Allah ya jiƙan Halima da Zaharatu da Hauwa'u. Allah ya jiƙan Innarmu mai kwalla da sauran iyayenmu da suka rigaye mu, ya kai haske kabarinsu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya ba mu masu tunawa da mu. Amin.